IDAN ZAFIN DUNIYA YA ƘETARE IYAKA, KO ZAI KOMO? DARASI DAGA NGURU DA GASHUWA

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan jama'ar ƙasar nan game da wani al'amari wanda ake yawan ambatonsa a gidajen rediyo, amma ba kowa ne ya gane inda ya dosa ba. Al'amarin kuwa shi ne, ƙasashen duniya sun taru sun shata wata iyaka, suka ce kada zafin duniya ya wuce ta, ga shi kuwa yanzu masana sun ce lalle za a wuce. Duk mai hankali da ya ji wannan zai yi tambayoyi biyu. Ta farko, in an wuce iyakar, ana iya komowa da baya? Ta biyu, in an komo, za a tarar da kaya yadda aka bar su?

Amsar ta farko ita ce ana iyawa, amma sai da wahala, da kuɗi masu yawa, da shekaru masu tsawo. Amsar ta biyu kuwa ita ce a'a, akwai abubuwan da in sun tafi sun tafi ke nan. Domin mai karatu ya ga gaskiyar wannan magana ba sai mun kai shi Turai ba. Za mu kai shi arewacin Jihar Yobe, ƙasar Nguru da Gashuwa, inda jama'a suka taɓa ganin damina ta juya musu baya har shekara ashirin da wani abu, sa'an nan ta waiwayo, suka kuma ga abin da ya komo tare da ita da abin da bai komo ba.

MECE CE WANNAN IYAKA?

Rana takan aiko da zafinta bisa ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da shi sama. A cikin iskar da ta lulluɓe duniya akwai wasu iri waɗanda ke tare wani kashi na zafin nan, kamar yadda bargo ke tare ɗumin jiki lokacin hunturu. Babbar wadda mutane ke ƙarawa a cikinsu ita ce iskar kabon, wadda ke fita duk sa'ad da aka ƙona kwal, ko man fetur, ko gas, ko itace. Ba don wannan bargo ba, da sanyi ya hana rayuwa a duniya. Amma bargo in ya cika kauri sai ya zama azaba.

Kafin zamanin injuna, in aka kasa iska kashi miliyan ɗaya, kashi 280 ne kaɗai na kabon. A shekarar 2024 ya haura kashi 420. Kowace shekara mutanen duniya suna sakin kimanin tan biliyan 40 na wannan iska. Itatuwa da teku sukan shanye wajen rabi, sauran kuwa ya tsaya a sama, ya yi ɗaruruwan shekaru bai gushe ba.

Ganin haka, a watan Disamba na 2015 ƙasashe kusan 200 suka ƙulla yarjejeniya a birnin Faris na ƙasar Faransa. Suka amince za su riƙe ƙarin zafin duniya ƙasa da digiri 2, su kuma yi iyakar ƙoƙari kada ya wuce digiri 1.5, in an gwada da zafin shekarun 1850 zuwa 1900. Nijeriya ta sa hannu cikin 2016, ta tabbatar da shigarta cikin 2017.

Wani zai ce, me digiri ɗaya da rabi zai yi, alhali a Nguru tsakanin asuba da azahar zafi yakan bambanta da fiye da digiri 10? To, a sani wannan lissafi na duniya ne baki ɗaya, an haɗa teku da tudu, dare da rana, damina da rani. Teku ta fi tudu faɗi, ba ta kuwa saurin ɗaukar zafi. Saboda haka in matsakaicin duniya ya hau da digiri 1.5, na ƙasashe irin namu da ke nesa da teku ya fi haka hawa. A tuna kuma, jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. In ya kai 38 da rabi, sai a ce zazzaɓi ya kama shi.

AN RIGA AN WUCE NE?

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa zafin shekarar 2024 ya ɗara na zamanin da da kimanin digiri 1.55. Ita ce shekara ta farko da ta haura 1.5 tun da aka fara ajiye lissafi. Amma shekara ɗaya ba ta isa a ce an karya yarjejeniya ba, domin masana sukan dubi matsakaicin shekara 20 ne, kamar yadda manomi ba ya yanke wa gona hukunci da amfanin kaka ɗaya.

Duk da haka alamu ba su ɓuya ba. Shekaru goma daga 2015 zuwa 2024, kowace ɗayansu ta fi duk shekarun da aka auna kafinsu zafi. A watan Oktoba na 2025 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya faɗa a fili cewa ba makawa za a wuce digiri 1.5 cikin 'yan shekaru masu zuwa. Wata guda bayan haka Hukumar Muhalli ta Majalisar ta lissafa cewa in aka ci gaba da tafiya yadda ake, ƙarin zafi zai kai wajen digiri 2.8 kafin ƙarshen wannan ƙarni, in kuwa kowace ƙasa ta cika alkawarinta, zai tsaya tsakanin 2.3 da 2.5.

MISALIN JINGA

Mutanen Gashuwa da sauran garuruwan bakin Kogin Yobe sun san jinga. In kogi ya taso a ƙarshen damina, jama'a kan fito da buhunan yashi su tare shi. Wata shekara a yi nasara, wata shekara ruwa ya haura. Amma ba a taɓa jin mai hankali ya ce tun da ruwa ya haura jinga a naɗe hannu ba. Abin da kowa ke dubawa biyu ne: ina ruwan ya kai, kwana nawa kuma ya yi. Ruwan da ya tsaya a idon sawu ya janye bayan kwana biyu daban yake da wanda ya kai ƙugu ya yi wata guda. Na farko ya jiƙa katanga ne, na biyu kuwa ya kayar da ita. In ruwa ya janye, katangar da ta jiƙe za ta bushe, amma wadda ta faɗi ba ta tashi da kanta.

Haka maganar zafin duniya take. Digiri 1.5 shi ne bakin jinga. Haura shi ba tashin duniya ba ne, ba kuwa dalilin fid da rai ba ne. Abin lura yanzu shi ne tsayin da zafin zai kai, da yawan shekarun da zai yi a sama kafin a sauko da shi. Digiri 1.6 ya fi 1.8 sauƙi, 1.8 kuma ya fi 2 sauƙi, domin kowane ɗan ƙari da tasa ɓarnar.

ABIN DA NGURU DA GASHUWA SUKA GANI

Kogin Haɗeja yakan taso daga ƙasar Kano, Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. In suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi sai su rarrabu su malala, su yi wata babbar fadama tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Kafin Gashuwa sukan haɗu su zama Kogin Yobe, wanda ke wucewa ta Gaidam ya nufi Tafkin Cadi. A wannan fadama ake noman shinkafa da damina, a shuka wake da kayan lambu in ruwa ya janye, masunta su kama kifi, makiyaya su sauko da dabbobinsu da rani. Tsuntsaye kan taso tun daga Turai su yi hunturu a tafkin Dagona. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano cikin 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi.

Shekarun 1950 shekarun wadatar ruwa ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai sama ta fara tsuke hannu. Aka yi babban fari a 1972 da 1973, aka sake yin wanda ya fi shi a 1983 da 1984. Masu bincike da suka bi lissafin ruwan sama na tashoshin Nguru da Potiskum da Maiduguri daga 1961 zuwa 1990 sun tarar ruwan yana raguwa da kimanin milimita 8 kowace shekara, mafi yawan ragin kuwa a watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin da gero ke fid da kai yana zuba ƙwaya. Filin da ruwa ke malala a fadama, wanda a da yakan wuce murabba'in kilomita 2,000, ya koma ƙasa da rabin haka. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya tsuke har bai kai kashi ɗaya bisa goma ba.

A wancan lokaci an ɗora laifin farin a kan manomi da makiyayi, aka ce sara da yawan kiwo ne suka kori ruwa. Binciken da aka yi daga 2003 zuwa gaba ya nuna babban dalilin yana can nesa. Daminarmu tana bin zafin teku ne. In ruwan Tekun Atlantika na arewa ya yi sanyi bisa na kudu, sai hadari ya kasa hawowa arewa sosai. Cikin abubuwan da suka sanyaya arewacin tekun a shekarun nan har da hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ya riƙa tare hasken rana. Watau manomin Bade ya rasa geronsa, wani ɓangare na dalilin kuwa yana cikin bututun masana'antar da bai taɓa jin sunanta ba. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta nan gaba.

DAMINA TA KOMO, ƘASA BA TA KOMA YADDA TAKE BA

Daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara ƙaruwa. In da lissafin milimita kaɗai ake dubawa, sai a ce an warke. Amma a tambayi mutanen wurin.

Da farko, ruwan ya komo da wani hali dabam. Masu binciken hadari sun tarar cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tsakanin 1982 da 2016. Sai a yi kwanaki ba ɗigo, sa'an nan a zubo na wata guda a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta halaka fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ƙasar Bade kuwa na cikin wuraren da suka sha wuya.

Na biyu, kogin da kansa ya sake. An gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ta Calawa kuma cikin 1992. Madatsun nan suna shayar da birnin Kano, suna kuma ba da ruwan noman rani, wannan amfani ne wanda ba mai musunsa. Amma sun mai da Kogin Haɗeja daga mai cika da damina ya ƙafe da rani zuwa mai gudu a hankali duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata zuwa hanyar Marma da tafkin Nguru ya cinye gonaki da makiyaya, hanyar Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin kuwa suka koma jira. Cikin kacalar nan tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya auka wa shinkafa da gero. Ba zafin duniya ne ya kawo kacala ba, amma ta koya mana cewa in tsarin ruwa da ƙasa ya ƙetare wani haddi, komowar damina kaɗai ba ta mai da shi.

Na uku, jigayin da ciyawa ta riƙe tun kaka da kakanni a arewa, wajen Yusufari da Macina, sun kwance lokacin fari suka fara tafiya. Garuruwa irin su Kaska da Tulo-Tulo sun ga yashi yana binne gidaje da kwaruruka masu dabino. Yashin da ya riga ya tashi, ruwan shekara ɗaya ko biyu ba ya kwantar da shi.

Na huɗu, makiyayin da garkensa ya ƙare a 1984, ruwan 1994 bai komo masa da ko ɗan maraƙi ba. Wasu sun zama 'yan kiwon haya, wasu sun yi kudu ba su komo ba. Kukar da ta yi shekara ɗari a tsaye, in ta faɗi, sai jikokin mai dasa wata ne za su sha inuwa.

Wannan shi ne darasin da duniya ke bukata yau. Ko da an sauko da zafi zuwa digiri 1.5 bayan an wuce, duniyar da za a komo a tarar ba ita ce wadda aka bari ba.

TA YAYA AKE SAUKO DA ZAFI?

Hanya ta farko ita ce tsayar da hawan. Masana sun nuna cewa zafi zai daina hawa ne ranar da kabon da ake saki ya yi daidai da wanda ake janyewa. Amma a lura, tsayawa zai yi, ba sauka ba. Kamar mai cin bashi ne wanda ya daina ƙarawa, tsohon bashin yana nan a wuyansa. Abin ƙarfafa zuciya a nan shi ne farashin faifan lantarki mai aiki da hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, har manoman fadama suna ban ruwa da shi maimakon injin fetur.

Hanya ta biyu ita ce rage iskar metan. Ita wannan takan fito daga rijiyoyin mai da gas, da juji, da cikin shanu, da gonakin shinkafa masu kwantaccen ruwa. Ta fi kabon kama zafi nesa ba kusa ba, amma ba ta wuce kimanin shekara 12 a sama. Saboda haka in aka rage ta yau, za a ga sauƙi tun masu ragewar suna raye. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa cikin 2021 cewa rage ta da kashi 45 cikin 100 zai kare duniya daga kusan digiri 0.3 na ƙarin zafi a shekarun 2040. A shekarar ce Nijeriya ta shiga alkawarin da ƙasashe fiye da 100 suka yi na rage metan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Wannan ce hanya mafi sauri ta rage tsayin ambaliyar.

Hanya ta uku ita ce biyan tsohon bashi, watau janye kabon daga sama fiye da wanda ake saki. Ga lissafinsa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa kowane tan biliyan 1,000 na kabon yana ƙara kimanin digiri 0.45. Ke nan domin a sauko da kashi ɗaya bisa goma na digiri ɗaya tak, sai an janye wajen tan biliyan 220, fiye da abin da duniya duka ke saki cikin shekara biyar. Abin da mutane ke janyewa da gangan a yanzu bai wuce kimanin tan biliyan 2 a shekara ba, kusan dukansa kuwa ta hanyar dasa itatuwa da kula da dazuzzuka. Akwai injunan da ke tsotse kabon daga iska a tura shi ƙarƙashin ƙasa. Wanda aka buɗe a ƙasar Aisland cikin 2024 an gina shi ne don ya janye tan 36,000 a shekara, abin da duniya ke saki cikin kamar rabin minti. Daga nan mai karatu zai gane cewa tan ɗayan da ba a saki ba ya fi wanda za a bi a kamo arha.

HANYAR DA KE BUKATAR HATTARA

Akwai wata dabara ta huɗu da wasu ke kawowa. Sa'ad da dutsen Finatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta cikin 1991, ƙurar farar wuta da ya watsa can sama ta tare hasken rana, duniya ta yi sanyi da kimanin rabin digiri har shekara ɗaya zuwa biyu. Sai wasu suka ce, me zai hana a riƙa watsa irin wannan ƙura da jiragen sama?

Nan ne za mu komo kan maganar da muka ce a riƙe. Masu bincike a Ingila sun lura cikin 2013 cewa farin 1913, wanda ya jawo yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba, ya biyo bayan aman dutsen Katmai na Alaska a 1912, farin 1983 da 1984 kuma ya biyo bayan aman dutsen El Cicon na Meziko a 1982. Duwatsun biyu duk a arewacin duniya suke. Lissafinsu ya nuna in aka watsa ƙura a arewacin duniya kaɗai, daminar Sahel ce za ta biya. Ban da haka, dabarar ba ta rage kabon ko tan ɗaya, ranar da aka daina watsawa kuwa zafin da aka ɓoye zai komo gaba ɗaya. Shi ya sa ministocin muhalli na Afirka, a taronsu na Addis Ababa cikin 2023, suka nemi duniya ta amince a kan ƙin amfani da ita. Kada garin neman gira a rasa ido.

ABIN DA BA YA KOMOWA

Teku za ta ci gaba da hawa ɗaruruwan shekaru ko da zafi ya sauko, domin ƙanƙarar da ta narke ba ta daskarewa da sauri. Wannan ya shafi Legas da garuruwan bakin teku. Irin dabba ko tsiron da ya ƙare ya ƙare. Yaron da yunwa ta tsumburar da shi yana ƙarami, yalwar da ta zo daga baya ba ta cika masa abin da ya rasa. Ran 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, tsofaffi da yawa suka rasu a wannan yanki, masana kuma suka ce irin wannan zafi ba zai auku ba in ba don ɗumamar duniya ba. Wanda ya san bazarar Nguru, inda ma'auni ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ya san tazarar da ta rage ba ta da yawa.

Duk da haka tarihi ya nuna ana iya gyara sama in an haɗa kai. Cikin 1987 ƙasashe suka amince a birnin Montriyal su daina yin sinadaran da ke huda rufin da ke tare mugun hasken rana. Rufin yana warkewa, ana kuma sa ran zai koma daidai a yawancin duniya wajen 2040. Amma a dubi tsawon lokacin, fiye da shekara 50 daga ranar sa hannu.

INA NIJERIYA TA TSAYA?

Afirka duka ba ta sakin ko kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke saki daga mai da kwal. Saboda haka babban nauyin tsayar da zafi da sauko da shi yana kan ƙasashe masu manyan masana'antu, haƙƙinmu ne kuma mu nemi su cika alkawari. Amma mu ma muna da namu. A watan Nuwamba na 2021, a birnin Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana cewa Nijeriya za ta daidaita abin da take saki da abin da take janyewa kafin 2060, a watan kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Tun 2015 aka kafa hukumar Babbar Katangar Itatuwa, wadda ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada, har da Yobe. Cikin 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye, su ne na farko a Nijeriya. Shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwa ya fara aiki daga Garin Alkali kusa da Gashuwa tun 1990, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kuma aka kafa ta cikin 2013.

ABIN DA KE WUYAN KOWA

Gaskiya ita ce, itacen da aka dasa a Yobe ba shi zai sauko da zafin duniya ba. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙasa, da ruwa, da mutane, har ambaliyar zafin ta wuce. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun gwada haka. Daga tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani. Ta haka aka raya kimanin itatuwa miliyan 200 a kadada miliyan 5, ba tare da an sayi dashe ba. Saboda haka ana kira ga jama'a:

1. Manomi ya bar tohon gawo, da dakwara, da aduwa, da magarya a gonarsa lokacin sharar gona. Kututturen da ke da rai ya fi sabon dashe saurin girma.

2. Kada a sare goruba da ciyawar da ke riƙe da jigawa. Hana yashi tashi ya fi kwantar da shi sauƙi.

3. A saurari hasashen damina na Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa da gargaɗin ambaliya kafin shuka. A nemi iri mai saurin nuna daga malaman gona, kada kuma a yar da irin gargajiya mai jure fari.

4. Garuruwan bakin kogi su haɗa kai wajen yanke kacala da yashe magudanai kafin saukar ruwa, kada kuma wani gari ya fasa gaɓa ya karkatar da ruwa ba tare da shawarar na ƙasa da shi ba.

5. Kada a yi gini a hanyar ruwa don an ga ta shekara goma a bushe.

6. Matan gida su yi amfani da murhu mai tsimin itace, ko gas inda hali ya yi. A guji ƙona daji.

7. Da bazara a yi aikin ƙarfi da sassafe ko da yamma, a yawaita shan ruwa mai tsabta, a kula da tsofaffi da jarirai da masu juna biyu.

8. Sarakuna, da hakimai, da dagatai, da ardo-ardo su tsare burtali da mashaya, domin ƙarancin ruwa kada ya zama sanadin rigima.

KAMMALAWA

Zafin duniya zai haura digiri 1.5. Ana iya sauko da shi, amma aiki ne na shekaru masu yawa, wanda yaran da ke makarantar firamare yau za su tsufa ana yinsa. Abin da ke hannun manyan ƙasashe shi ne kada ruwan ya yi tsayi, kada kuma ya daɗe. Abin da ke hannunmu shi ne kada katanga ta faɗi kafin ya janye. Dattawan Nguru da Gashuwa da suka ga 1973 da 1984 suna nan da rai, sun kuwa san wanda ya tsira da iri, da saniya ko ɗaya, da itace a gona, shi ne ya fara miƙewa da damina ta komo. A je a tambaye su. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.